Bututun da Babba Ya Cire

Ni fa ban ce kowa ya gyara min gida ba. A riƙe wannan da kyau, don in ka ji 'ya'yana suna ba da labarin yanzu sai ka rantse roƙonsu na yi da hawaye. Gidanmu ɗaki biyu ne da falo da kicin, sai shagon ɗinkin maigidana a gaba, ƙofarsa ɗaya tana kallon titi, ɗayar tana buɗewa cikin gida. Fenti ya koɗe, na yarda. Tagogi sun tsufa, na yarda. Amma lafiya lau muke zaune, ni da Tela. Abin da muka rasa ido ne da kunne, shi ɗin ma rabawa muka yi: ni na rasa ido, shi ya rasa kunne.

Nawa idon a hankali ya tafi. Likita ya ce jijiyar ce ta gaji, babu aikin da za a yi. Abin da ya rage min shi ne bambancin haske da duhu. Ba na ganin fuska, ba na ganin ko tafin hannuna, amma in na juya na san inda taga take, don wajen yakan yi fari kamar an shanya zanin gado. Da wannan farin nake yawo a gidana. In tagar falo tana hannun damana, to kicin na gabana. In na fuskanci tagar kicin, to murhu na hagu. In kuwa farin ya dushe ba lokacin dushewarsa ba, na san Tela ne ya tsaya ya tare min, sai in daka masa hannu ya matsa.

Shi kuma gado ya yi. Haka mahaifiyarsa ta ƙare, Allah ya jiƙanta, sai an taɓa ta take sanin an shigo. Kunnuwansa suka riƙa toshewa har ta kai ko babbar mota ta danna masa hon a baya ba ya waiwayawa. An saya masa abin saƙalawa a kunne, kunnen ya dinga ƙaiƙayi yana ruwa, ya cire ya jefa cikin gwangwanin maɓallai. Bakina yake karantawa. Nawa kaɗai yake iyawa sosai, wai don ya daɗe yana kallonsa yana masifa. Auta, 'yarmu, magana take kamar ana bin ta da gudu, Babba kuwa, ɗanmu na fari, ya tara gashin baki ya rufe leɓe, don haka su sai dai su rubuta masa a waya da manyan baƙaƙe su nuna masa.

To ka ga a fuska da fuska ba mu da matsala. Matsalar ita ce kira. Ina kicin, yana shago, ya ba ni baya yana taka keken ɗinki, ko maƙogwarona zai tsage ba zai ji ba.

Akwai wani tsohon bututun ruwa na ƙarfe da ya shigo gidan daga titi. Mai gyaran famfon da ya sa shi malalaci ne, bai binne shi ba, ya bar shi a fili yana bin bango: ta cikin shago, ta falo, ta ɗakin kwana, har kicin da banɗaki. Shekara da shekaru ina zagin mutumin nan saboda yana tara min ƙura. Wata rana na kira Tela na kira har na gaji, tukunya na ƙonewa, ga murfin kwalbar mai ya ƙi buɗuwa, haushi ya kama ni na ɗaga murfin tukunyar na rafka wa bututun. Ban ajiye murfin ba sai ga shi a bakin ƙofa yana haki.

"Wa ke rushe min gida?"

Na juyo da fuskata wajen taga don ya ga bakina. "Ji ka yi?"

"Ban ji ba. A bayana ya shige ni."

Ashe kujerarsa jingine take da bututun. Abin da iska ta kasa kai masa, ƙarfe ya ɗauka ya ratsa bango ya kai masa har ƙashin baya. Ranar ya samo wayar ƙarfe ya ɗaure kujerar tam da bututun. Ni kuma ina da awarwaron ƙarfe a hannuna da ba na cirewa, shi ya zama bakina. In na buga a hankali, shayi ya yi. In na buga da sauri ba tsayawa, ya bar komai ya zo. Akwai kuma wani bugun da ba shi da wata ma'ana, ina wucewa kawai in ɗan taɓa, shi kuma ya mayar min da bayan almakashi. Wannan kam ba ruwan kowa da shi.

Ba mu gaya wa yaran ba, kuma ko yau aka dawo da ni ba zan gaya musu ba. Na san 'ya'yana. In suka gane ubansu ba ya jin komai, ni kuma ba na ganin komai, shi ke nan mun zama kaya. Don haka in sun zo ziyara sai in jingina da bango, in ƙwala kira, "Tela!" hannuna a baya yana aikinsa. Sai ga shi ya fito. Auta ta ce, "Kai, Baba dai muryar Mama kaɗai yake ji." Ni kuwa in ce ai dole, wa ya kai ni iya kira. Da sun tafi mu zauna mu yi ta dariya kamar yara.

Babba shagon kayan gini gare shi. Yaro ne mai zuciya, ba zan ci amanarsa ba, amma irin mutanen nan ne da in suna ƙaunarka sai sun ɗora maka abin da suke sayarwa. Ya zo ya ce za a yi mana fenti, mu je gidan Auta mu ɗan zauna kada wari ya dame mu. Fenti kawai ya ce. Na ce to.

Ranar da muka dawo, da kansa ya riƙo hannuna ya shigar da ni. Ina taka falo na ji ƙafata ta nutse cikin wani abu mai laushi. Na tsaya cak.

"Kafet ne, Mama. Bango zuwa bango. Ko kin faɗi ba za ki ji ciwo ba."

"Yaushe na ce maka faɗuwa nake?"

Ya yi dariya. Na juya dama ina neman tagata, babu. Na juya hagu, babu. Ko'ina launi ɗaya, irin na bayan faɗuwar rana.

"Magariba ta yi ne?"

"Haba Mama, tsakar rana ce." Ya ja hannuna ya ɗora kan wani abu mai santsi da sanyi. "Taɓa ki ji. Baƙin gilashi ne, mai kauri. Zafin rana ba ya shigowa, hayaniyar titi ba ta shigowa, na waje kuma ba ya ganin na ciki."

"Na ciki fa, me yake gani?"

Bai ma ji ni ba, yana can yana nuna wa ubansa na'urar sanyaya ɗaki. Tsakanin shago da falo, inda da labule ne shara-shara, ya sa wata ƙofa mai nauyin tsiya, da roba a gefenta don kada sanyi ya fita, kuma da kanta take rufuwa. Na lalubi bango, na bi shi da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sumul.

"Babba, ina bututuna?"

"Wannan tsohon mai tsatsa? Na cire shi, ruwan da kuke sha har ja yake yi. Na sa na roba, na binne a bango. Wannan ba ya tsatsa har abada."

Na yi shiru, don a gaban ma'aikatansa ne, kuma muryarsa cike take da murna. Allah ya sani na so in yi masa godiya, bakina ne ya ƙi.

Daga ranar gidana ya zama gidan wani. Da, ƙarar keken Tela tana ratso labule ta same ni duk inda nake, in ta tsaya na san ya miƙe. Da, silifas ɗinsa yana jan siminti, tun daga nesa na san yana tafe. Yanzu ƙofa ta haɗiye keken, kafet ya haɗiye takun, sai dai in ji hannu a kafaɗata in zabura. Shi ma bai tsira ba. Falon ya yi duhun da ba ya ganin bakina, ƙwayayen fitilar da aka ɓoye a silin kuwa na ado ne, in aka ɗauke wuta ma babu su. In zan ce masa gishiri ya ƙare sai ya ja ni har ƙofar titi, mu tsaya a rana kamar masu jiran mota. A ƙarƙashin wurin wanke-wanke na lalubo ɗan guntun sabon bututun da ya leƙo. Na buga masa awarwaro. Taf, ya ce, kamar an mari katifa, a nan ƙarar ta mutu.

Na daure na daure, da na ga abin ba na daurewa ba ne na sa aka kira min Babba. Na zaunar da shi na faɗa masa komai, har da yadda nake kira da baki hannuna na bugawa a baya. Na zaci zai yi dariya ya ce gobe za a dawo da shi. Bai yi dariya ba.

"Mama, kina nufin duk shekarun nan Baba ba ya jin ki ko kaɗan?"

"Yana ji na. Ta ƙarfe."

"Ke kuma ba kya ganin ko ƙofa?"

"Ina ganin taga, kafin ka shafa mata baƙi."

"Inna lillahi. Wato rayuwarku gaba ɗaya a kan bututun ruwa take rataye, mu muna can muna barci?"

"Ta ratayu lafiya har ka zo. Ka dawo min da abina."

Ya ce masu sayen tsohon ƙarfe sun tafi da shi, amma zai duba. Na san wannan "zan duba" ɗin, ni na haife shi. Ba bututu ya tafi dubawa ba, ƙanwarsa ya tafi nema.

Ana cikin haka na faɗi. Da rana ne tsaka. Na fito daga ɗaki zan shiga kicin, na ɗauka na daidaita hanya, ashe na karkace. Inda kafet ya ƙare yatsana ya sarƙe, na tafi gaba ɗaya, bakina ya sauka kan gefen wurin wanke-wanke. Na ji haƙori ya shige leɓe, jini ya cika min baki, gwiwata kuma ta ƙi ɗaukata. Na yi ihu. Wa zai ji? Gilashin da ya hana hayaniyar titi shigowa ai shi ya hana tawa fita. Maƙwabciyarmu tana shanya a bayan tagar nan, daga baya ta rantse ko tari ba ta ji ba. Na ja jiki na kamo guntun robar nan na dinga buga masa awarwaro har hannuna ya mutu. Bango ɗaya ne tsakanina da Tela. Yana can yana sa wa rigata maɓalli.

Sai da ya ga shayi ya wuce lokacinsa ya shigo. Ban ga fuskarsa ba, amma na ji sautin da ya fito daga ƙirjinsa, kuma ba na fatan in sake jin irinsa.

A asibiti aka ɗinke leɓen ciki da waje, aka naɗe gwiwa, aka manna min auduga da filasta daga ƙasan hanci har haɓa. Daga can gidan Auta aka wuce da ni. Tela yana zuwa kullum ya zauna a bakin gado. Mutumin da ba ya gajiya da tsokanata, wanda ke kirana Sarkin Faɗa tun muna da ƙuruciya, ya koma ba ya cewa komai. Sau ɗaya ya buɗe baki, ya ce, "Ina zaune. Kina kwance cikin jini ina zaune." Na yi ta magana ta cikin auduga, ina ce masa ya daina wannan shirmen. Ba ya ganin leɓena, bai san ma ina magana ba.

Mutane suna da wata wauta: in ba ka gani sai su ɗauka ba ka ji. Bangon da ya raba ɗakin da nake da falon Auta katako ne sirara, ko cokali ya faɗi a can ina ji. A nan suka zauna, ita da yayanta, suka yanke mana hukunci. Ba za mu sake zama mu kaɗai ba. Gidan Babba a saman bene yake, gwiwata ba za ta hau ba, don haka ni zan zauna wajen Auta, a sa min gado a ɗakin 'yan matanta. Wajen Auta babu wurin namiji, don haka Tela zai koma wajen Babba, can ɗaya ƙarshen gari. Za a riƙa kawo shi yana gaishe ni. Gaishe ni! Mutumin da na binne iyayena yana riƙe da ni, shi za a riƙa kawowa ya gaishe ni kamar baƙo.

"Baba fa, Yaya?" in ji Auta. "Ba zai yarda ba."

"Kada a gaya masa yanzu, jininsa zai hau. Na rubuta masa cewa za su je hutawa. In ya sauka ya natsu sai in yi masa bayani a hankali."

Na buga bangon da tafin hannu har hoton da ke rataye ya faɗo. Suka shigo a guje. Na ce musu na ji komai, kuma babu inda za ni sai gidana. Auta ta fashe da kuka. Babba ya durƙusa ya riƙe ƙafata.

"Mama, ni na ɗauko ki daga kicin ɗin nan. Na ga jinin. In na bar ki kika sake faɗuwa, ba zan yafe wa kaina ba."

Gaskiya ya faɗa, tsoro ne fal cikinsa, na ji shi a hannunsa. Amma tsoronsa ba zai zama dalilin raba ni da mijina ba. Na ce to, na ji, amma a kai ni gida in haɗa kayana da hannuna, ba na son a birkita min akwati. Suka yarda, suna ganin na sauko.

Da safe aka kai ni. Mota biyu na ji sun tsaya a ƙofar gida, ta Babba da ta mijin Auta, wadda ta aro. Aka zaunar da ni a kujerar falo. Ina jin su suna fitar da jakunkuna, wannan a ajiye dama, wannan a ajiye hagu. Tela har taya su yake, bawan Allah, yana tambaya ko a ɗauko min bargon nan mai nauyi tunda ina jin sanyi da asuba.

Da ya zo wucewa na cafke rigarsa. Na nuna ƙofar titi. Ya gane, ya taimaka min na miƙe, muka dogara har bakin ƙofa inda rana take. Na sa hannu na fizge filastar. Auta ta yi ƙara. Na ɗaga fuskata na ce masa, a hankali yadda na saba, "Raba mu za su yi."

Ya daɗe yana kallo. "Bakin ya kumbura, ba ya motsi. Ban gane ba. Ciwo yake miki?"

Na sake faɗa. Leɓen sama ya yi nauyi kamar ba nawa ba, zaren ɗinkin yana ja. Ya ce in yi haƙuri, in mun isa can na huta sai in gaya masa. Na ɗaga yatsu biyu a haɗe, na nuna shi na nuna kaina, sannan na ware su. Ya ce, "Au, to," ya saki hannuna ya shige shago. Sai ga shi ya dawo ya danƙa min almakashi.

Wallahi da ba ni abin ya shafa ba da na yi dariya. Na yar da almakashin na juya wajen da nake jin numfashin Babba.

"Ɗauko wayarka ka rubuta masa gaskiya."

"Mama, don Allah."

"Ka rubuta masa, ko kuwa ka sani yau sai dai ka ɗauke ni kamar buhun siminti a gaban mutanen titin nan."

"Zan gaya masa, na yi alkawari, amma ba a tsaye a bakin ƙofa ba. Ki zo mu tafi, kin ga bakin ya fara jini."

Ya sa hannu a ƙarƙashin hammatata, a hankali dai, ba da ƙarfi ba, Auta ta kama ɗaya gefen. Na ji ƙafata tana barin dokin ƙofa. Ban san lokacin da na miƙa hannu biyu na rarumo wuyan Tela ba. Na maƙale shi iya ƙarfina, na janyo kansa, haɓata ta tokare ƙashin bayan kunnensa. Mu ba mutanen rungume-rungume ba ne, ko muna mu kaɗai, balle a gaban 'ya'ya da masu wucewa. Amma ranar kunya ba ta zo min ba. Ba ma da shi nake ba, da su nake, na buɗe wannan kumburarren bakin na ce, "Ba za ku raba ni da shi ba! Ku kai shi gabas ku kai ni yamma, ina raye? Ba ku isa ba!"

Jikin Tela ya sandare. Na zaci na shaƙe shi ne, na fara sassautawa. Sai na ji tafin hannunsa a ƙeyata, ya mayar da kaina daidai inda yake, ya danne.

"Sake faɗa," ya ce.

Yaran suka sake ni. Ni ma sai a lokacin na gane abin da ya faru. Maganata ba ta iska ta bi ba. Daga haɓata ta shiga ƙashin kansa.

"Kana ji na?"

"Ina jin ki. Can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, amma ke ce." Ya ja numfashi. "Kai, Sarkin Faɗa, ashe muryarki ta tsufa haka."

"Taka ce ba ta tsufa ba? Tsaya ka ji. Mota biyu ce a waje. Ɗaya taka, ɗaya tawa. Kai gidan Babba, ni gidan Auta. Ba hutu ba ne, zama ne."

Bai sake kaina ba. Tela ba mai faɗa ba ne, ni ce mai wannan aikin a gidanmu, kuma tun da kunnensa ya tafi yake magana ƙasa-ƙasa don tsoron kada ya yi ihu bai sani ba. Ranar kam bai ji wannan tsoron ba.

"Babba! Gaskiya ne?"

Babba bai ɗauko waya ba. Ina jin kai ya gyaɗa.

"Ni ka rubuta wa ƙarya ka nuna min, ina murmushi ina ɗaukar jaka? Ku mayar da kayan nan inda kuka ɗauko su. Duka."

"Baba, in ta sake faɗuwa fa?" Muryar Babba ta karye. "Mama, gaya masa. Ki gaya masa abin da na ce, don Allah, kada ki rage."

Ban rage ba. Na faɗa masa a ƙashi, kalma da kalma, har da cewa yaron kuka yake.

Tela ya ce, "Tsoronka gaskiya ne, ni ma ina da shi, nawa ya fi naka. Ka zo mu zauna ka faɗi abin da kake ganin za a yi, mu faɗi namu. Ka kawo mai kwana, ka fasa bango, ka yi duk abin da za ka yi. Amma duk inda za a kai matar nan, da ni za a kai ta. In wurin bai ɗauki mutum biyu ba, to ba wurinmu ba ne."

Can na ji an buɗe bayan mota, na ji Auta tana jan hanci tana jan jaka a kan dakali. Suka riƙa wucewa ta gefenmu suna shigar da kaya, mu kuwa muna tsaye a bakin ƙofa kai da kai, mai shagon da ke tsallaken titi da duk wanda Allah ya kawo suna kallo. Su kalla.

Gwiwata ta fara rawa, na ce masa zan zauna. Ya ce in ɗan ƙara kaɗan.

"Ki ce wani abu. Ko zagi ne."

Jini na bin haɓata yana ɓata masa wuyan riga. Ina da maganganu da yawa da na tara, amma ɗaya ce ta fi ci min rai tun ina gadon asibiti. Na gyara haɓata ta zauna sosai a kan ƙashin, don kada kalma ɗaya ta ɓace.

"Ranar da na faɗi, ba laifinka ba ne. Ka ji ni? Ban taɓa cewa laifinka ba ne, ko a zuciyata."

Kafaɗunsa suka fara girgiza, nauyinsa ya sauko a kaina, ni mai gwiwa ɗaya. Na riƙe shi da kyau, na ce wa Auta ta kawo mana kujera mai ɗaukar mutum biyu.